Ƙaramar gonar inabi a yankin Cape: tambayoyi kan inabinta, kwalabenta da abincin da ake ci da su

Wanda ya zo taro ko karatu a Cape Town ta Afirka ta Kudu ba ya daɗewa sai an ce a shirya, za a kai baƙi gonar inabi. Jami'o'i suna yi, kamfanoni suna yi, domin nan ne abin alfaharin mutanen yankin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta dawowa daga bakin 'yan uwanmu Hausawa: ɗalibai, 'yan kasuwa, da masu koyon aikin otal. Ni ba na shan giya, don haka bayanin ɗanɗanonta daga bakin masu sana'ar na ɗauko shi. Inabin da kansa da ruwansa kuwa da bakina na san su. Kuma a ganina daga nan ya kamata a fara, domin wanda ya san ɗan itacen ya san yawancin abin da ke cikin kwalba, ko ta giya ce ko ta ruwan inabi zalla.

Me ya bambanta ƙaramar gona da babban kamfani?

A ƙaramar gona mutum ɗaya ko iyali ɗaya ne ke nomawa, su girbe, su matse, su ɗura a kwalba, su kuma tsaya bayan tebur su sayar. Wata hekta goma ce, wata ashirin. Akwai ma waɗanda ba su da gona ko taƙi, sai su sayi inabin wata gona da suka yarda da ita su sarrafa a ɗan ɗaki. Babban kamfani kuwa yana karɓar inabi daga manoma masu yawa, ya haɗe su domin kwalbar bana ta zo daidai da ta bara.

Mai ƙaramar gona ba shi da wannan damar, kuma ba ya nemanta. Idan an yi fari, kwalbarsa za ta nuna. Idan damina ta yi kyau, za ta nuna. Shi ya sa za ka ji yana ta maganar shekara kaza da gangaren dutse kaza, abin da ke ba baƙo mamaki a karon farko.

Yaya aka yi inabi ya kafu a wannan lungu na Afirka?

Jan van Riebeeck ya sauka a Cape a 1652 domin ya kafa wa jiragen kamfanin Holan zango a hanyarsu ta zuwa gabashin Asiya. Ranar 2 ga Fabrairu 1659 ya rubuta cewa an matse inabin Cape a karon farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch a 1679, sannan gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo saboda rikicin addini suka iso, aka ba su kwarin da ake kira Franschhoek yanzu. Giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna har Napoleon ya riƙa shan ta lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena.

Aikin kuwa bayi ne suka yi shi, waɗanda aka kwaso daga Indunusiya, Indiya, Madagaska da Mozambik, sai a 1834 aka soke bautar. A 1886 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya halaka gonaki, har sai da aka koma ɗaura reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, kuma haka ake yi har gobe. Daga 1918 ƙungiyar manoma ta KWV ta riƙe harkar, daga baya har ta riƙa ƙayyade wa kowa abin da zai noma. An soke wannan ƙayyadewa a 1992, kasuwannin duniya suka buɗe bayan zaɓen 1994, daga nan ne ƙananan gonaki masu kwalbar kansu suka yawaita.

Ni Musulmi ne, ba na sha. Akwai abin da zai kai ni wurin?

Hukuncin giya a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma hadisi ya haɗa mai matsewa da mai ɗauka da mai sayarwa cikin laifin, wani hadisin kuma ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Saboda haka da yawa daga cikinmu ba sa shiga ɗakin ɗanɗano sam, wasu ma ba sa taka gonar. Wannan ba abin jin kunya ba ne, kuma mutanen Cape sun saba da shi, domin Musulmi sun haura shekara 300 a tsakaninsu. Ka gaya wa mai shirya tafiyar tun da wuri, kada ka bari sai an zauna an jera kofuna.

Wanda tafiyar aiki ta kai shi, akwai abin gani a waje da ɗakin. Akwai gonar da kanta, da inabi a kan reshe lokacin girbi, da ruwan inabi, da zabibi. Akwai kuma tarihinmu a cikin ƙasar nan: kabarin Shaihu Abdurrahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga Sumatra a ƙarni na 17, yana bakin gonar Klein Constantia. Kabarin Shaihu Yusuf na Makassar, wanda aka kawo a 1694 ya rasu a 1699, yana Macassar, ba nisa da Stellenbosch. Duba amsar da ke kan abin da za a tambaya a ɗakin cin abinci kafin ka tafi.

Inabin gonar nan iri ɗaya ne da wanda muke saye a kasuwa?

Dangi ɗaya ne, amma an zaɓe su don aiki daban. Na ci, irin su Thompson Seedless, Crimson Seedless da Red Globe, manya ne, fatarsu siririya, namansu ƙarau-ƙarau a haƙori. A Afirka ta Kudu an fi noma su a kwarin Hex da bakin kogin Orange. Wanda ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna ma na ci ne.

Na matsewa ƙanana ne, sun cure a nono ɗaya kamar ba za a iya cire ɗaya ba sai an fasa na kusa, fatarsu da kauri, da ƙwallaye a ciki. Idan ka tsinki ɗaya a watan Fabrairu ka latsa shi tsakanin yatsu, ruwan zai manne maka a hannu, kuma za ka ga ko da fatar baƙa ce wuluk, ruwan fari ne. Zaƙinsa ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba: lita ɗaya na iya ɗaukar giram 200 zuwa 250 na sukari. Wani iri mai suna Hanepoot kuwa yana cin tudu biyu, ana cin sa, ana shanya shi, ana kuma matse shi.

Me ke mayar da ruwan inabi giya, kuma daga ina ja da fari suke fitowa?

Yis ne, irin dangin wanda ke kumbura burodi. Yana nan a jikin fatar inabi da cikin iska. Da zarar an matse, sai ya kama cin sukarin yana mayar da shi barasa da iska mai kumfa. Cikin mako ɗaya zuwa uku yawancin sukarin ya ƙare, abin da ya rage giya ce mai barasa kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Ba sai an zuba komai ba, ruwan inabin da aka ajiye a ɗumi da kansa zai kama hanya. Mai yin ruwan inabi zalla dole ya tsayar da wannan aiki, ta hanyar dafawa sama-sama, ko tacewa sosai, ko sanyaya shi.

Launi kuwa daga fata yake. Idan aka matse aka raba ruwan da fatar nan take, fari za a samu. Idan aka bar baƙar fata ta jiƙu a ciki kwanaki, ja za a samu, tare da bauri. Idan awanni kaɗan aka bar ta, ruwan hoda ne, wanda suke kira rosé.

Waɗanne fararen iri ne za a fi ji ana ambata?

Chenin blanc ne kan gaba. Asalinsa kwarin Loire na Faransa, amma yau Afirka ta Kudu ta fi Faransa yawan gonakinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na inabin matsewa na ƙasar. Tsofaffin manoma suna kiran sa Steen, sai a shekarun 1960 aka tabbatar iri ɗaya ne. Abin da ya sa ake ji da shi, ko rana ta yi zafi ba ya zubar da tsaminsa. Ruwansa yana da ƙamshin tuffa da gwaiba, ga zaƙi ga tsami a tare, kuma a ganina shi ne ya fi kowane daɗin sha da sanyi.

Sauvignon blanc yana son wuri mai sanyi irin su Elgin da Constantia, ƙamshinsa na ɗanyen ganye da lemun tsami. Chardonnay ba shi da ƙamshi mai ƙarfi na kansa, shi ya sa ake yawan tsima shi a gangar katakon oak ya ɗauki na katakon. Ya yi suna a kwarin Hemel-en-Aarde kusa da Hermanus. Sai Hanepoot, wanda a wasu ƙasashe ake kira Muscat na Iskandariyya. Wannan tun daga nesa ake jin ƙamshinsa kamar na fure, kuma ana yawan yin ruwan inabi da shi. Akwai Colombard da Semillon ma, amma ba kasafai baƙo ke tambayar su ba.

Jajayen fa? Kuma me ya sa kowa ke maganar Pinotage?

Domin shi ne ɗan gida. Farfesa Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ne ya haɗa auren Pinot noir da Cinsaut, aka shuka irin a 1925. A lokacin mutanen Cape suna kiran Cinsaut da sunan Hermitage, daga nan sunan ya fito. Kwalba ta farko da ta ɗauki sunan ta girbin 1959 ce, a ƙarƙashin tambarin Lanzerac, kuma gonar Kanonkop ce ta fi ɗaukaka shi daga baya. Yana nuna da wuri, fatarsa da kauri, launinsa ya yi duhu. Masu sana'ar sun rabu a kansa: wasu suna ganin shi ne tutar ƙasa, wasu suna cewa idan ba a iya sarrafa shi ba yana warin ƙonanniyar roba.

Cabernet Sauvignon ya fi kowa bauri, 'ya'yansa ƙanana, kuma gangaren duwatsun Stellenbosch ne gidansa. Shiraz yana da ƙamshin masoro, yana jure zafin Swartland, inda ake barin kurangar ta tsaya da kanta kamar ƙaramin kurmi, ba waya ba ban ruwa. Merlot ya fi laushi. Cinsaut, wanda aka daɗe ana rainawa, yanzu matasan masu ƙananan gonaki sun dawo da martabarsa saboda ba shi da nauyi. Pinot noir shi ne mai wuyar sha'ani, ba ya son zafi ko kaɗan.

Mene ne baurin da ake ta faɗa?

Wanda ya taɓa cin goro ya san shi: wannan bushewar da ke kama harshe da dasashi, ba ɗaci ba, ba tsami ba. Sinadarin da ke kawo shi, tanin, yana cikin fatar inabi da ƙwallonsa da katakon ganga. Yana manne wa furotin da ke cikin miyau, shi ya sa baki ke bushewa. Idan akwai nama mai kitse a baki, sai tanin ɗin ya manne wa naman ya ƙyale miyau, baurin ya ragu, maiƙon ma ya wanke. Wannan shi ne dukan sirrin da ke bayan maganar jan nama da jar kwalba. Jan ruwan inabi ma yana da bauri, sai dai sukarinsa yana rufe shi. Tauna fatar Cabernet ita kaɗai ka tofar da naman, za ka ji shi sarai.

Akwai ƙa'ida ta haɗa abin sha da abinci, ko son rai ne kawai?

Akwai son rai, amma akwai abin da harshe ke yi wanda ba ruwansa da ra'ayi. Nauyi ya bi nauyi: abinci mai sauƙi da abin sha mai sauƙi, kada ɗaya ya danne ɗaya. Tsami yana yanke maiƙo, shi ya sa ake matsa lemun tsami a soyayyen kifi, kuma aikin da farin inabi mai tsami ke yi ke nan. Bauri yana son kitse, kamar yadda aka bayyana a sama. Gishiri yana tausasa bauri da tsami duka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne barkono. Barasa da bauri suna ƙara rura zafinsa, zaƙi da sanyi kuma suna kwantar da shi. Saboda haka a kan abinci mai yaji, mai riƙe da kofin ruwan inabi mai sanyi ya fi mai jar giya mai nauyi dacewa, kuma masu gonakin da kansu za su gaya maka haka. Sai kayan zaƙi: abin sha ya kai abincin zaƙi ko ya fi shi, in ba haka ba zai koma salam a baki.

Da wane abincin Cape ake haɗa kowane iri?

Bobotie, niƙaƙƙen nama da kori da zabibi, an rufe shi da ƙwai da madara an gasa, ana ci da shinkafa mai kurkum. Yana da zaƙi-zaƙi da ɗan yaji, don haka ana ba shi Chenin blanc, ko Pinotage mara nauyi. Ruwan Chenin ko na Hanepoot yana zama da shi daram. Kifin snoek da ake gasawa a garwashi ana shafa masa jam ɗin afirkot, kifi ne mai maiƙo da gishiri, yana son tsamin Chenin. Ɗanyen kayan teku da soyayyen kifi na Sauvignon blanc ne, ko na mai kumfa da suke kira Cap Classique, wanda gonar Simonsig ta fara yi a 1971.

Naman ragon Karoo da aka gasa na Cabernet ne ko Shiraz. Bredie, naman rago da aka daɗe ana dafawa da tumatir, ko da furen ruwa na waterblommetjie a lokacin sanyi, ba ya son abu mai nauyi sosai, Cinsaut ko Merlot sun ishe shi. Biltong, busasshen namansu mai gishiri da koriyanda, ana jera shi da Pinotage ko Shiraz. Kori na mutanen unguwar Bo-Kaap ta Cape Town da soyayyen fankensu mai kwakwa da suke kira koesister kuwa abincin gidajen Musulmi ne, da shayi ko ruwan inabi aka san su tun asali.

Idan na kawo ruwan inabin gida, da wane abincinmu zai tafi?

Tsire da balangu suna son ja mai sanyi sosai, musamman mai kumfa: zaƙin yana kwantar da yajin, kumfar tana wanke maiƙon ƙuli. Kilishi ya riga ya zo da nasa zaƙin, don haka farin Chenin mai tsami ya fi masa. Dambun nama da waina da sinasir duk suna karɓar fari. Farfesun kayan ciki mai barkono, Hanepoot mai ƙanƙara.

Miyan kuka da miyan kuɓewa masu daddawa ban ga amfanin tilasta musu ba. Ƙamshin daddawa da na inabi ba sa jituwa, ruwan sanyi ya fi. Miyan taushe kuwa, saboda kabewa da gyaɗa da ɗan tsamin yakuwa, tana tafiya da fari ƙwarai. A tuna dai ruwan inabi sukari ne mai yawa. Ina tsinka shi da ruwan soda rabi da rabi, kuma mai ciwon sukari ya yi hattara da shi.

Kwalbar da aka ce an cire mata barasa, daidai take da ruwan inabi?

A'a. Shi ruwan inabi zalla ba a bari ya zama giya ba tun farko. Ita kuwa wannan an yi ta giya cikakkiya, sannan aka janye barasar da na'ura, ko da tururi a ƙaramin zafi ko da tacewa. A ƙa'idar Afirka ta Kudu, wadda aka rubuta wa “de-alcoholised” na iya ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin 100, wadda aka rubuta wa “alcohol free” kuma ba ta wuce 0.05 ba. Malamai da yawa ba su yarda da ita ba saboda asalinta giya ne, wasu kuma suna duba ko tana sa maye. Wanda yake son kwanciyar rai ya nemi wadda aka rubuta wa “grape juice”, ya kuma duba tambarin halal na MJC ko SANHA ko NIHT. Kwalaben duk kamarsu ɗaya, har da murfin, don haka a karanta, kada a bi siffa.

Ban da ruwa, me kuma ake yi da inabi wanda ba giya ba?

Moskonfyt shi ne na fi so. Ruwan inabi ne ake dafawa a hankali har ya ƙafe ya yi kauri ya yi duhu, ana shafa shi a burodin da aka gasa a garwashi, ko a ci da kifin snoek. Larabawan Sham suna da irinsa, dibs, Turkawa suna kiran nasu pekmez. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yarje wa mutanen Sham shan ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku suka ƙone. A tambaya dai ko ɗanyen ruwa aka dafa ko wanda ya fara tsimuwa, domin tsofaffin girke-girke suna barin sa ya ɗan tashi tukuna. Korrelkonfyt kuma jam ne na Hanepoot da 'ya'yan a ciki.

Akwai verjuice, ruwan ɗanyen inabi da ake ragewa daga reshe kafin ya nuna. Ba a tsima shi, tsaminsa ya fi na lemun tsami laushi, yana da kyau a salak da kifi. Sai khal, wato ruwan tsamin da Turawa ke kira vinegar. Shi dole ya bi ta zama giya kafin ƙwayoyin halitta su mayar da barasar tsami. Wanda ya juye da kansa malamai sun haɗu a kan halaccinsa, wanda aka juyar da gangan kuma akwai saɓani tsakanin mazhabobi.

Me zan tambaya a ɗakin cin abinci na gona?

Abu uku: nama, miya, da kayan zaƙi. Yawancin ɗakunan cin abincin gonaki ba na halal ba ne, sai ƙalilan, don haka kifi da ganye su ne mafita ga da yawa. Tsiran boerewors da faranti na yankakken nama mai sanyi sau da yawa akwai alade a ciki. Miyar da ake zuba wa nama galibi da jar giya ake ƙafar da ita, kayan teku kuma da fara. Kada a yarda da maganar cewa wuta ta ƙone barasar duka: bayan minti 15 a kan wuta kusan kashi 40 cikin 100 nata na nan, sai an shafe awanni kafin ta yi ƙasa sosai. A kayan zaƙi, akwai kek ɗin dabino na Cape da ake jiƙawa da burandi. Burodin mosbolletjies mai ƙamshin anis kuma asalinsa da ruwan inabin da ya fara tsimuwa ake kumbura shi lokacin girbi. Ka tambaya kai tsaye, masu hidimar sun saba.

Yaya ake karanta takardar jikin kwalba?

Wannan ya fi shafar masu aikin otal. Tun 1973 ƙasar ke da tsarin tabbatar da asali. Idan aka rubuta W.O. Stellenbosch, to dukan inabin daga yankin ya fito. Idan aka rubuta sunan iri, aƙalla kashi 85 cikin 100 na wannan irin ne, haka ma shekara, kuma shekarar ta girbi ce ba ta ɗurawa ba. Ƙaramar takardar da ke wuyan kwalba ita ce shaidar hukuma. Akwai kuma tambari na musamman ga kurangar da ta kai shekara 35, tare da shekarar da aka dasa ta. Fara ana ba da ita da sanyin digiri 8 zuwa 12, ja kuma 16 zuwa 18, wanda ke nufin a zafin ƙasarmu ita ma sai ta ɗan shiga firji.

Me ya sa kayan ƙaramar gona suka fi tsada?

Kwalba ɗaya ta mililita 750 tana cin inabi kilo ɗaya da ɗoriya. Tsohuwar kuranga da ba a yi mata ban ruwa na iya ba da tan uku zuwa biyar kacal a hekta, alhali gonar ban ruwa a bakin kogi tana ba da ashirin ko fiye. Ga girbi da hannu, nono bayan nono. Ganga mai lita 225 kwalba 300 take bayarwa, kuma yawancinsu daga Faransa ake sayo su da kuɗin waje. Sabuwar kuranga ma sai ta shekara uku kafin ta ba da amfanin kirki. Ruwan inabinsu ma ya fi na kanti tsada saboda daga ɗanyen inabi aka matse shi kai tsaye, ba wanda aka ƙafar aka sake tsinkawa da ruwa ba.

Yaushe ya fi kyau a je?

Yanayinsu kishiyar namu ne. Ruwa yana sauka daga Mayu zuwa Agusta cikin sanyi, lokacin kurangar ta zubar da ganye ana yi mata aski. Tana tohowa a Satumba, girbi kuma daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, ya fi zafi a Fabrairu da Maris. Wanda yake son ganin inabi a reshe da ɗanɗana sabon ruwa, lokacinsa ke nan, sai dai mai gona ba shi da sukuni, domin tun asuba ake tsinka kafin rana ta dumama 'ya'yan. A kira kafin a je. Stellenbosch tana da nisan kilomita 50 daga Cape Town. A riƙe rigar sanyi ko da bazara ce, saboda iskar kudu maso gabas da suke kira Likitan Cape, wadda ke busar da ganye ta kare shi daga funfuna.

Su wane ne ke aikin gonar, kuma yaya rayuwarsu take?

Wannan tambaya ba kowa ke yin ta ba, kuma ina ganin ya kamata a riƙa yi. Bayan an soke bauta, gonaki da yawa sun ci gaba da biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, ana ba su sau da yawa a rana. Tsarin dop ake kiran sa. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Illar tana nan: wasu garuruwan manoma na Yammacin Cape suna cikin wuraren da aka fi samun jariran da shan giyar uwa ya naƙasa a duk duniya. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci a De Doorns suka yi yajin aikin da ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin lada na yini daga rand 69 zuwa 105.

Har yanzu mafi yawan ƙasar tana hannun Turawa, masu girbi da yawa kuma na wucin gadi ne, mata da baƙi daga Lesotho da Zimbabwe. Akwai canji: an samu baƙaƙen fata masu tambarin kansu, irin su Ntsiki Biyela, da gonakin da ma'aikata ke da hannun jari a ciki. Wanda zai sayi ruwan inabi ko zabibi ya duba tambarin Fairtrade ko WIETA, masu shaidar ana kiyaye haƙƙin ma'aikata, ya kuma tambayi mai gona ko masu girbinsa na dindindin ne, da inda suke kwana.

Zan iya tafiya da ruwan inabin gida ba tare da ya juye ba?

Wanda aka dafa aka rufe a kwalba zai yi watanni in dai ba a buɗe ba kuma ba a bar shi a rana ba. A saka shi a jakar da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, a naɗe da tufafi, domin ba a barin ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu. Ɗanyen da ake zubawa a gora lokacin girbi kuwa ba na tafiya ba ne, a sha shi a ranar ko washegari daga firji. Da an buɗe kwalba, a gama da ita cikin kwana uku zuwa huɗu, kuma idan wutar lantarki ba ta tsayawa a rage kwanakin. Alamar ya fara juyewa ita ce kumfa a ruwan da ba mai kumfa ba, gora ta kumbura, murfi ya yi tsit idan an murɗa, da wari mai kama da na ƙullun da ya kwana. Idan aka ga haka a zubar. Moskonfyt da zabibi su ne suka fi jure zafin Kano ko Maraɗi, kuma ba su da nauyin kwalba.